Arzika Helma da Raggon Mako

Arzika mutumin Gangara ne, Allah ya jiƙansa, ya sanyaya masa makwanci. Gajere ne kakkaura, mai faɗin tafin ƙafa, ga murya. In ya ƙwala wa mutum kira daga bakin sito, har 'yan duwan, wato 'yan kwastan da ke tsaron ɓangaren Faransa, sai sun waiwayo. Boko bai yi ba, allo ma bai yi nisa ba. Buhu ya sani, da mutanen da ke ɗaukar buhu.

Yana saurayi ya zo bakin iyaka neman dako. Lokacin Maraɗi na hannun Faransa, Jibiya na hannun Ingila, amma gyaɗar ƙasar Maraɗi ta nan take biyowa zuwa Katsina, ta wuce Kano ta hau jirgin ƙasa. Wani kamfanin Turawa, wanda ba sai an ɓata baki da sunansa ba, ya kafa sito da sikeli daf da shingen kwastan. Motocin can, waɗanda mutanensu ke ce wa kamiyo, su sauke, a auna, a loda wa motocin nan. Tsakanin mota da mota babu inji, babu jaki, sai wuyan ɗan Adam. Mutum biyu su kama kunnuwan buhu su aza wa na uku, shi kuma ya bi katakon da aka jingina ya hau da shi.

A wannan aiki furfura ta fara taɓa shi. Da tsohon helma, wato shugaban 'yan dako, ya gaji ya koma gida, 'yan dakon da kansu suka tura Arzika gaba. Abin da kamfani ya sa a ciki rigar kaki ce da usur.

Shugabancin nasa ba wani abin al'ajabi ba ne. Da safe yakan tsaya bakin ƙofa ya dubi tafiyar kowa. Wanda ya ga yana jan ƙafa ba zai tambaye shi lafiya a gaban mutane ba, sai ya ce, "Kai, yau azawa za ka yi, na gaji da ganinka bisa katako." Wanda aka yi wa haihuwa ya aike shi Magama neman igiya, igiyar da ba wanda zai sake tambaya. Da azahar a zauna gindin tsamiya a dama fura, ba zai kai ludayi baki ba sai ya ga na kowa ya shiga ƙwarya.

Kada kuma a mai da shi waliyyi. Yana da baki, kuma yana son rigar nan fiye da kima. Matarsa Luba takan wanke ta, ta ninke, ta sa ƙarƙashin tabarma a kwana a kai don ta miƙe. In ka kira shi Arzika kai tsaye sai ya yi kamar iska ce ta wuce, in ka ce Helma ya juyo da fara'a. Babban aibinsa shi ne ya yarda ƙwarai da wayonsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ce masa Helma ba, shi ne Ɗanladi, ɗan goggonsa da aka aurar Ɗan Isa, can ƙetaren iyaka. Taubasai ne ke nan, kuma kowa ya san tsakanin taubasai zagi gaisuwa ne. Tare suka fara dako. Wata shekara katako ya karye da Ɗanladi yana ɗauke da buhu, gwiwarsa ta hagu ba ta sake komawa daidai ba. Tun daga nan Arzika ya ajiye shi wajen azawa da ɗinke bakin buhunan da suka yage, aikin da dole wani ya yi, kuma ba wanda ya kai shi iyawa.

Kullum safiya sai sun taɓa.

"Sannu da hutawa, raggo," in ji Arzika. "Wallahi goggo ta yi asarar nono."

"Kai kuma kawu ya yi asarar hatsi," in ji Ɗanladi, bai ko ɗago kai daga ɗinkinsa ba. "Busa mana usur ɗin nan mu ji, tunda shi kaɗai kake iya ɗauka."

"Basillar nan ba ta yi maka nauyi ba? Ko in kira mutum biyu su aza maka?"

"Kira mai wanki dai, ga gumi nan zai taɓa maka riga."

'Yan dako su yi ta dariya, buhu ya rage nauyi.

Wata kaka, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, kamfani ya aiko sabon manaja, wani saurayin Bature mai jan wuya wanda lofe ba ya barin bakinsa. Nan da nan ya zama Mai Lofe. An ce kwas ya yi a ƙasarsu kan yadda ake tafiyar da ma'aikata. Kwas ɗin dai bai koya masa sannu da aiki ba. Tare da shi akwai akawunsa kuma tafintansa, Malam Lawal, Bahaushe ɗan birni, mai tafiya yana ɗage ƙafar wando kada ƙasar Jibiya ta san shi.

Mai Lofe ya sa aka jera 'yan dako a rana kamar sojoji, ya yi dogon jawabi, Malam Lawal yana juyawa. Wai ma'aikata kamar shuka suke, sai ana cire ta banza ta kirki take tashi. Saboda haka daga yau kowace Asabar za a fid da mutum biyu. Na farko gwanin mako, a ba shi lambar tagulla ya maƙala a riga. Na biyu raggon mako, helma ya bi layi ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya tafi ke nan, a ɗauki wani cikin masu jira a ƙofa.

Ba wanda ya gaya wa mai kwas cewa ɗan dako ba ya aiki da riga. Da Asabar ta zo aka rasa inda za a maƙala lamba, sai aka zura mata igiya aka rataya wa gwani a wuya, yadda ake yi wa akuyar da ke yawan ɓata. Wanda ya fi kowa shan wannan rataya shi ne Rabe, wani ƙato daga Farfaru. Lokacin da ya zo bakin iyaka ba shi da kowa, a zauren Ɗanladi ya kwana, Ɗanladi ne ya nuna masa yadda ake sa buhu ya zauna a wuya ba tare da ya karya mutum ba. Yanzu ga shi yana yawo cikin kasuwa da tagulla a ƙirji yana jiran a tambaye shi.

Ranar jawabin, da aka zauna shan fura, manyan 'yan dako suka kewaye Arzika. Ɗanladi ne ya yi magana, kuma ran nan babu wasa a bakinsa.

"Mu ajiye aikin ga gaba ɗaya. Kaka ce, ga motoci sun yi layi har duwan. Kwana kaɗan zai janye. In ka yarda ka dafa mutum sau ɗaya, ka dafa ke nan."

Kowa ya ce haka ne. A ranar nan, da a ce Arzika ya ce a tashi, da ba wanda zai rage. Sai ya yi murmushi ya gyara wuyan riga.

"Ku bar ni da shi. Yaro ne. Raggo yake so, zan ba shi raggo har ya ƙoshi."

Dabararsa ita ce, cikin 'yan dako kullum ba a rasa mai shirin tafiya. Wani ɗan cin rani ne ya tara abin da ya zo nema, wani aure zai yi, wani ya samu dako wajen wani ɗan kasuwar Maraɗi. Kafin Asabar sai Arzika ya tambaya a gindin tsamiya, "Wa ke da tafiya?" Ran Asabar ya bi layi yana ɓata fuska, ya dafa mai tafiyar, shi kuma ya sunkuyar da kai ya fita yana danne dariya. Akwai wanda aka kora, ya ƙetara ya yi 'yan makonni, ya aske gemu ya dawo aka ɗauke shi sabo. Mai Lofe bai taɓa duban fuskar ɗan dako har ya riƙe ta ba. Yana ta murna tsarinsa na aiki.

Arzika ma yana murna. Bai lura da abin da yake koya wa mutanensa ba. Sun saba tsayawa a layi suna kallon ana dafa ɗan'uwansu, sun saba da dariya a wurin. Abin da a da suke ganin cin mutunci ne ya zama abin kowace Asabar.

Daminar da ta biyo ruwa ya yi yawa, gero ya lalace a gona. Gyaɗa kuwa ta yi. Da kaka ta kama, rumbuna wayam, mutane suka kwararo bakin iyaka daga kowane ɓangare, suka zauna a ƙofar sito suna kallon wuyan masu aiki. Arzika ya tambaya a gindin tsamiya wa ke da tafiya. Kowa ya dubi cikin ƙwarya.

Sai aka fara zuwa zaurensa bayan magariba, ɗaya bayan ɗaya, kowa na leƙe kada wani ya gan shi. Wannan da goro, wancan da zabuwa a hammata.

"Helma, ni fa ba gulma ta kawo ni ba."

"To mi ya kawo ka?"

"Gaisuwa. Sai dai mutane na magana. Wai wasu na hawa katako, wasu na zaune a inuwa da basilla."

"Mutane su wa?"

"Mutane dai."

"Ɗauki zabuwarka. Ka gai da mutane."

Luba tana bayan zana tana kallon zabi suna shigowa suna fita, ga tukunyarta babu ko ƙashi. Ta ajiye masa tuwo da ƙarfi.

Duk wanda ya zo, sunan Ɗanladi ne a ƙarƙashin harshensa. Shi ne mai rauni, shi ne wanda in an ture ba zai iya ramawa ba. Ɗanladi kuwa yana da mata da 'ya'ya, da goggon Arzika tsohuwa a ɗaki, gonarsa ta Ɗan Isa ba ta ba da ko dami ba. In ya bar sito ba mai ɗaukar gurgu dako a shekarar yunwa.

Arzika ya sami Malam Lawal ya roƙe shi ya gaya wa manaja a ɗage dokar har a ga bayan wannan shekara. Malam Lawal ya kaɗe hannun rigarsa.

"Tsari ne, Helma. Ba a taɓa tsari. Kai da ka iya fid da raggo duk bara, yau ne za ka rasa?"

Asabar ta zo. Aka jera. Aka rataya wa Rabe tagullarsa. Arzika ya bi layi daga wannan kai zuwa wancan, hannuwansa a baya, ya dawo ya tsaya gaban manaja.

"Ranka ya daɗe, wannan makon babu raggo."

Malam Lawal ya juya. Mai Lofe ya cire lofe ya yi magana a taƙaice.

"Ya ce ba a yin mako babu raggo. Ko a cikin gwanaye akwai na ƙarshe."

"To ni ban gan shi ba."

Sai Rabe ya yi gyaran murya, yana shafa tagulla.

"Allah shi ba Helma haƙuri, amma ai shi da bakinsa yake faɗa. Kullum safiya yana ce wa Baba Ɗanladi raggo. Kowa na ji."

"Gaskiya ne," in ji wani daga baya. "Mun ji."

"Har cewa yake basilla ta yi mashi nauyi."

Babu ko mutum ɗaya a layin nan da bai da taubashi. Babu wanda bai san abin da wannan zagi yake nufi ba, su ne ma masu dariya a kai kowace safiya. Malam Lawal ma ya sani sarai, uwarsa Bahausa ce, ubansa Bahaushe. Ya juya maganar Rabe tsaf, bai rage ko gishiri ba.

Mai Lofe ya tambaya ko helma ya faɗi haka.

"Na faɗa," in ji Arzika. "Taubashina ne. Malam Lawal, ka yi mashi bayani, kai ka sani."

Bayanin Malam Lawal bai kai tsawon tari ba. Mai Lofe ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano ɓarawo. Ashe ɗan'uwansa ne, shi ya sa yake rufa masa asiri. Wai wannan shi ne ciwon ma'aikatan ƙasar nan, kuma a kwas an yi musu gargaɗi a kai. Helma ya zaɓa: ko ya dafa mutumin, ko ya tuɓe riga.

Arzika ya taka har gaban Ɗanladi. Ɗanladi ya yi magana ƙasa-ƙasa, haƙoransa a cije.

"Dafa ni."

Arzika bai motsa ba.

"Dafa ni, ɗan kawu, kada ka yi hauka. In kana da riga gida biyu za su ci. In ka tuɓe wa zai ba goggonka tuwo? Ga kafaɗar nan, ba ciwo za ta yi ba."

Arzika ya dubi kafaɗar. Ya san ta tun suna yara suna kokawa a rairayin gulbi, ya san tabon da buhun farko ya bar mata. Ya ɗaga hannu har rabi. Sai hannun ya koma kan maɓallin rigarsa. Ya ɓalle su a hankali, ya tuɓe, ya ninke ta yadda Luba ke ninkewa, ya aza usur a kai, ya ajiye bisa sikeli.

Da labari ne na daɗin baki, da sai a ce 'yan dako suka bi shi suka bar sito fayau. Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Mai Lofe ya nuna Rabe da bakin lofe. Rabe ya ɗauki riga, ba ta ma shige shi ba, ya bar ta buɗe a ƙirji. Aikinsa na farko a matsayin helma, ya tafi kai tsaye ya dafa kafaɗar mutumin da ya ba shi tabarma. Har da cewa, "Ka yi haƙuri, Baba, tsari ne." Kafin su biyun su kai ƙofa, masu jira sun fara turereniya.

Ɗanladi bai gode masa ba. A bakin hanya ya tsaya ya zage shi, zagi na gaske wanda bai taɓa yi masa ba.

"Na ce a tashi tun ana iya tashi, ka ce kai mai wayo. Yau da ya kamata ka sunkuya sai ka miƙe. Girman kai ne, ba sona ba ne!"

Luba ma da ta ji, ta zauna ta riƙe kai. "Malam, yanzu mutunci za mu dafa?"

Shekarar ta yi musu tsanani. Arzika ya yi dakon itace, ya yi yaɓe, ya haƙa wa mutane rijiya a Magama. Abin da ya samo sai ya raba biyu, ya ba Luba ta kai wa goggo, don ya san in shi ya kai Ɗanladi zai mayar. Ɗanladi ya daina yi masa magana har rani ya fita. Wannan ya fi yunwar cin Arzika. Ya rame, muryar nan ta shige ciki. Wanda ya zauna da shi a lokacin ya san bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Abin da yakan ce kawai, "Hannun ne ya ƙi."

Da ruwa ya sauka ya koma gonar ubansa a Gangara. Wata safiya yana noma sai ya hangi mutum a ɗaya gefen gonar, yana ɗingishi yana bin kunya da fartanya. Ba sallama, ba gaisuwa. Suka yi ta noma har suka haɗu a tsakiya. Ɗanladi ya dubi kunyar Arzika ya ce ta karkace. Daga nan suka ci gaba da noma gonakin biyu tare, ta nan da ta ƙetare, har ƙarshen ransa.

Dokar Asabar kuwa ba ta kai ko'ina ba. Aka mai da Mai Lofe wani gari da ƙarin girma. Wanda ya gaje shi bai ma taɓa jin labarinta ba, shi da tasa dabarar ya zo, wai a riƙa yi wa ma'aikata gasar tsere ran hutu don su so juna. Lambar tagulla ta ƙare a wuyan jakin wani mai ruwa. Ba wanda ya tuna ya aika a kira Arzika, cikin kamfani ko cikin waɗanda ya aika neman igiya ranar sunan 'ya'yansu.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, ana gab da samun mulkin kai, bai daɗe ba ya cika. Ranar jana'iza sai ga 'yan dakon sito sun cika ƙofar gida, Rabe a gaba, kowa na faɗin ba a taɓa helma irinsa ba, kowa na da labarin alherin da ya yi masa. Bakinsu bai ko yi nauyi ba.

Ɗanladi ne ya yi masa wanka. Da aka ɗauki makara ya kama gaba ta hagu. Al'ada ce a riƙa karɓar juna a hanya don kowa ya sami lada, aka yi ta karɓa a sauran kusurwoyi. Tasa kusurwar tana sunkuyawa duk takun da gwiwar ta yi. Rabe ya matso ya sa hannu.

"Kawo, Baba, ka huta."

"Ban gaji ba."

Liman ya ce a karɓe shi mana. Ɗanladi bai ko waiwaya ba. A haka, makara na tangaɗi, gumi na zuba, ya kai ɗan kawunsa har bakin kabari, sannan ya yarda aka sauke.

Allah ya gafarta wa Arzika kurakuransa, na wayo da na taurin kai, ya sa hannun nan da ya ƙi ya zame masa shaida ranar da kowa zai tsaya a layi.